Abincin Meziko mai tsada a Kwarin Napa: me ya sa yake ba da kunya, gidajen kuma ba sa daɗewa?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Sacramento, a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma duk lokacin da na yi baƙi daga gida nakan zaga da su Kwarin Napa su ga gonakin inabi. A wannan karon mun ci abincin dare a wani gidan abincin Meziko na masu hannu da shuni. Wurin ya haɗu, amma abincin babu armashi: tortiya, wato gurasarsu ta masara, ta bushe tana karyewa, miyar mole zaƙi kawai, yaji kuwa babu shi. Mu huɗu muka biya kusan dala 300, kuma ba mu sha barasa ba. Washegari na sayi tako, wato tortiya da aka zuba wa nama a ciki, a wata mota a bakin titi, ya fi shi nesa ba kusa ba. Sannan ginin nan, shekaru uku da suka wuce gidan abincin Italiya ne, kafin nan ma wani abu daban. Shin yaudara ce, ko mu ne ba mu iya ci ba? Kuma me ya sa gidajen ba sa daɗewa?"

Wa alaikumus salam. Malam, tambaya biyu ka yi, ɗaya a kan farantin da aka ajiye muku, ɗaya a kan allon sunan da ke ta sauyawa a ƙofa, amma jijiyarsu ɗaya ce. Ba ku ne ba ku iya ci ba. Tortiya, mole da yaji su ne ainihin abubuwa ukun da mai sana'ar nan yake fara dubawa idan yana son ya san ko kicin yana aikinsa. Ba kuma lallai ne a ce yaudara ce ba. Abin da ya fi yawa shi ne lissafin kuɗi ya matse gidan, sai aka rage daga inda ake zaton baƙo ba zai gane ba. A abincin Meziko kuwa, inda ake ragewar nan shi ne inda daɗin yake.

Yadda kwarin yake

Kwarin Napa bai kai girman sunansa ba. Tsawonsa daga birnin Napa zuwa Calistoga kusan kilomita 50 ne, faɗinsa 'yan kilomitoci, mutanen gundumar duka kusan 138,000 a ƙidayar 2020. A 1968 aka yi dokar da ta keɓe filayen kwarin ga noma, a 1990 kuma aka ƙara wata da ta taƙaita abin da masana'antar giyar inabi za ta iya yi a harabarta, har da buɗe cikakken gidan abinci. Don haka gidajen abinci suka cunkushe a 'yan garuruwa: Napa, Yountville, St. Helena da Calistoga. Shaguna kaɗan, masu nema da yawa, haya sai ta yi tashin gwauron zabi.

Sunan kwarin ya fita duniya ne bayan gasar ɗanɗano da aka yi a Paris a 1976, inda giyar Napa ta kada ta Faransa. Daga baya kuku Thomas Keller ya karɓi gidan abincin The French Laundry a Yountville a 1994, gidan ya kai ga taurari uku na Michelin, wato matakin ƙoli a kundin da ke auna darajar gidajen abinci, sai kwarin ya zama wurin da ake zuwa domin a kashe kuɗi a kan abinci. Duk wanda ya buɗe gida a can yanzu, da wannan ma'aunin ake auna kujerunsa da fitilunsa da kofunansa.

Sai wani abu da baƙi ba su cika lura da shi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna gundumar 'yan asalin Latin Amurka ne, galibinsu daga Meziko, musamman jihohin Michoacán da Jalisco. Zuwan nasu ya samo asali tun shirin Bracero na ɗaukar ma'aikatan gona, daga 1942 zuwa 1964. Su ne ke yankan inabi, su ne kuma ke tsaye a bayan murhun kusan kowane kicin a kwarin, na Faransa ne ko na Italiya. Masu hannun girki suna nan ke nan. Tambayar ita ce ko an ba su lokaci da kayan aiki.

Tortiya

Tortiyar kirki daga busasshiyar masara take farawa, kwana ɗaya kafin a ci ta. Ana zuba kilo ɗaya na masara a ruwa kamar lita uku, a sa farar ƙasa ta abinci kimanin giram 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin masarar. A dafa a hankali har sai ɓawon ya fara saɓulewa idan an murza da yatsa, alhali tsakiyar ƙwayar ba ta gama nuna ba. A sauke a bar ta cikin ruwanta ta kwana, awa 8 zuwa 16. Da safe a wanke, a niƙa da dutse, ana ɗiga ruwa har ƙullun ya yi laushi ba ya manne wa hannu.

Kowane mataki yana da inda yake ɓaci. Farar ƙasa ta yi yawa, ƙullun ya yi rawaya sosai da ɗaci. Ta yi kaɗan, ya ƙi haɗuwa. Aka wanke masarar fes har ɓawon ya tafi duka, an zubar da ɗan yauƙin da ke riƙe ƙullu, tortiya sai ta riƙa tsagewa. Aka bar ƙullu a wuri mai ɗumi ya wuni, ya yi tsami. Wajen gashi, ana cura giram 25 zuwa 30, a danne ya yi faɗi, a ɗora a kasko mai zafi sosai: kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 a juya, kamar minti ɗaya a sake juyawa, sai ta kumbura. Kumburin nan shi ne shaidar cewa ruwan ƙullun ya yi daidai kuma kaskon ya yi zafi. Daga nan a naɗe ta a ƙyalle ta ɗan turara, a kai tebur nan take. Kamar waina ce daga tanda: da zafinta ake cin ta, idan ta huce ta zama wani abu daban.

To yi lissafi. Gidan da zai ciyar da mutum 200 a dare, kowa ya ci huɗu, tortiya 800 ke nan. Wannan aikin mutum guda ne cur, ba ya taɓa komai sai kasko, ban da wanda ya zo da asuba ya yi niƙa. Mai gida da ke neman inda zai rage albashi, nan idonsa yake fara faɗawa. Mataki na farko a koma garin masara na leda irin su Maseca, wanda ba laifi gare shi idan an gasa nan take, sai dai ƙamshinsa bai kai ba. Mataki na biyu a gasa duka da la'asar a jibge a akwatin ɗumama. Na uku a sayo daga masana'anta a riƙa ɗumamawa. Wadda ta karye maka a hannu, ko dai ta daɗe a akwatin ne har ruwanta ya ƙafe, ko an ɗumama ta a busasshen kasko, ko kuma farantin ya jira a tagar kicin ana haɗa na sauran teburin. A gidan da ake jera abinci ana ƙawata shi, minti biyar na jira ba wani abu ba ne ga naman sa, amma ya isa ya kashe tako.

Mole da yaji

Mole miya ce ta busasshen barkono iri-iri. A baƙar mole ta jihar Oaxaca ta Meziko kayan haɗi sukan wuce ashirin: barkonon chilhuacle, mulato da pasilla, riɗi, gyaɗa, almon, zabibi, soyayyar agada, tumatir, albasa, tafarnuwa, kirfa, kanumfari, busasshen burodi ko tortiya, da ɗan cakulan. Kowanne ana gasa shi ko a soya shi daban, domin lokacin nunarsu ba ɗaya ba ne. Barkono daƙiƙu kaɗan yake so a kowane gefe. A baƙar mole ana ƙona 'ya'yansa da gangan har su yi baƙi, sannan a jiƙa a wanke ɗacin. A niƙa duka, a tace, a soya markaɗen a cikin mai ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi duhu mai ya taso, sannan a zuba romo a bar shi ya daɗe a wuta kaɗan. Aikin wuni ne, wani lokaci biyu. Idan ya yi daidai za ka ji ɗaci-ɗaci da ƙamshin hayaƙi da ɗan zafi, zaƙi yana can baya.

Hanyar ratse ita ce a sayo markaɗaɗɗe a bokiti, a tsinka da romo, a ƙara sukari da cakulan domin baƙo ya ji abin da yake zato. Chilhuacle ma kansa yana da wuyar samu kuma yana da tsada, shi ya sa da yawa suke musanya shi. Mole da ka ji zaƙi kawai, kusan tabbas ta wannan hanyar ta bi, ko kuma an tsallake suyar markaɗen.

Rashin yaji kuma dalilinsa na kwarin ne. Giyar da Napa ta yi suna a kanta ita ce Cabernet Sauvignon, mai ƙarfi, barasarta takan kai kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari. Ita da barkono ba sa ga maciji: yaji yana ƙara mata zafi a maƙogwaro, yana fito da baurinta. Baƙon da ya sayi kwalba mai tsada da rana, ya zo da ita da dare ya biya kuɗin buɗe kwalba, ba ya son miyar da za ta ɓata masa ita. Sai kicin ya sassauta yajin kowa saboda shi. A ganina wannan kuskure ne, domin maganinsa mai sauƙi ne: a bar ainihin girkin a matsakaici, a kawo miyar barkono iri uku a gefe, ɗaya mai zafin gaske. Gidan da bai yi ko wannan ba, ya riga ya zaɓi wanda yake yi wa girki.

Inda dala 300 ɗinka ta tafi

A ƙa'idar sana'ar, kayan abinci suna cin kusan kashi 30 na ciniki, albashi wani kashi 30 zuwa 35, haya ana son kada ta wuce kashi 10, sauran ya tafi wuta, gas, inshora, gyare-gyare da kuɗin na'urar kati. Ribar da ke saura sau da yawa ba ta wuce kashi biyar ba. Mu ɗauka farantin tako dala 24 ne: kayan cikinsa kamar dala bakwai, ma'aikata takwas, mai gini biyu, sauran hidima shida, mai gida ya tashi da dala ɗaya. A kan haka ne kai kuma aka ɗora maka harajin sayayya da tukuicin kashi 18 zuwa 20.

Albashi a Kalifoniya yana da nauyi na musamman. Mafi ƙarancinsa dala 16.50 ne a awa a 2025, kuma doka ba ta yarda a cire tukuici daga ciki ba, saɓanin jihohin da ake biyan mai kai abinci dala 2.13. Tun Afrilun 2024 kuma manyan kamfanonin abincin gaggawa suke biyan dala 20, don haka mai neman kuku ƙwararre dole ya wuce nan. Gidan haya a kwarin ya fi ƙarfin ma'aikaci, da yawa daga Vallejo ko Fairfield suke tuƙo mota kullum. Ranar da wani ya samu aiki kusa da gida, ya tafi, kuma hannun da ya iya tortiyar ya tafi da shi.

Ribar gaske a kofi take. Kayan da ke cikin kofin margarita, wato abin sha da ake haɗawa da barasar tekila, kusan kashi 20 ne na farashinsa, kuma haɗa shi minti ɗaya ne. Amma kafin a sayar da tekila sai an mallaki cikakken lasisin barasa, wanda jihar take ƙayyadewa da yawan jama'a, ɗaya ga kowane mutum 2,000 a gunduma. A gunduma mai mutane kaɗan da baƙi miliyoyi, sai dai ka saya a hannun wani, kuma kuɗinsa kan kai ɗaruruwan dubban daloli. Wanda ya zuba wannan jarin hankalinsa yana kan mashaya. Teburinku na mutum huɗu da ba ya shan barasa ya biya farashin da aka tsara domin masu sha, bai kuma taɓa ɓangaren da aka fi ba kulawa ba.

Motar bakin titi ba ta da ɗakin cin abinci, ba ta da masu kai faranti, sau da yawa iyali ne ke aikin, abin sayarwarta biyar ne ko shida, kuma daga kasko zuwa hannunka taku ɗaya ne. Masu sayenta ma'aikatan gona ne da na kicin waɗanda suka san ɗanɗanon tun suna yara, idan ta lalace gobe ba za su dawo ba. Babban gida kuwa yawancin baƙinsa sau ɗaya za su zo a rayuwa, don haka zai iya daɗewa yana kuskure kafin ya ji a jikinsa.

Kada dai wannan ya sa a ɗauka cewa abincin Meziko na araha ne kawai. UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2010. Gidan abincin Meziko na Californios a San Faransisko ya samu taurari biyu na Michelin, kuma da aka fara kundin Michelin na Meziko a 2024, gidajen abinci na Pujol da Quintonil sun samu bibbiyu, wani ɗan shagon tako mai suna El Califa de León ya samu ɗaya. Aikin da ke cikin mole bai gaza na kowace miyar Faransa ba, kuma ya cancanci a biya shi. Laifin shi ne a karɓi kuɗin aikin alhali ba a yi shi ba.

Sauya hannu

Maganar da ake yawan yi cewa kashi 90 na gidajen abinci suna mutuwa a shekarar farko ba ta da tushe. Binciken da H. G. Parsa da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, a kan birnin Columbus na Ohio, ya samu kusan kashi 26 a shekarar farko, da kusan kashi 60 cikin shekaru uku, har da waɗanda aka sayar wa wani. Sana'a ce mai haɗari ko'ina, amma yankin inabi yana da ƙarin nasa.

Na farko lokaci. Daga bazara zuwa kakar inabi, wato Agusta zuwa Oktoba, sai an yi rajistar tebur tun da wuri. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin sanyi da ruwan sama, ranar Talata ɗakin kan zama wayam, haya da albashi kuwa ba su san da wannan ba. Gidan da ya buɗe a Satumba ba tare da ajiyar kuɗin wata shida ba, sanyin farko ne yake kwantar da shi. Na biyu yarjejeniyar haya: yawanci ta shekara biyar ce ko goma, tana ƙaruwa duk shekara, ɗan haya ne ke biyan harajin gini da inshora da gyara, kuma sau da yawa ya sa hannu cewa dukiyarsa ta kansa ce jingina. Gidaje da yawa da suke ciniki lafiya lau, ranar sabunta haya suke rufewa. Na uku masifu da suka zo a jere: girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.0 a Agustan 2014 da ta lalata gine-gine a tsakiyar birnin Napa, gobarar daji ta Oktoban 2017 ana tsakiyar kaka, korona a 2020, sannan gobarar Glass a Satumban shekarar, wadda ta cinye The Restaurant at Meadowood mai taurari uku.

Abin da ya sa kake ganin sabon suna a tsohuwar ƙofa kuwa shi ne gina kicin daga tushe yana da tsada ƙwarai: injin zuƙar hayaƙi, na'urar kashe gobara, ɗakin sanyi, ramin tare maiƙo, bututun gas, da izinin hukuma. Ginin da ya riga ya mallaki waɗannan ba ya zama fanko. A Yountville, ginin da gidan abincin Hurley's ya shekara da shekaru a ciki shi ne Keller ya buɗe gidan abincin Meziko na La Calenda a cikinsa a farkon 2019. Matsalar ita ce sabon ɗan haya yana gadon kicin ɗin da aka tsara wa wani girkin. Kicin ɗin Italiya yana da tukunyar taliya da tanderun fiza, ba shi da wurin injin niƙa ko faffaɗan kasko kusa da tagar fitar da abinci.

Mutuwar irin waɗannan gidaje tana da tsari. Watannin farko ana cika saboda sabon wuri ne. Sai shugaban kicin da ya tsara abincin ya tafi wani aikin, a bar mataimaka da takarda. Sanyi ya zo, a rage ma'aikata, a daina niƙa, a ƙara farashi. 'Yan gari, waɗanda su ne ke riƙe gida a lokacin sanyi, su daina zuwa. Akwai alamar cewa a wannan gaɓar kuka same shi. Sai dai ban zauna a teburinku ba, kuma dare ɗaya ba ya isa a yanke wa kicin hukunci. Masu sharhin abinci na jaridu sukan koma sau biyu ko uku kafin su rubuta, domin mai kasko yana iya kwanciya rashin lafiya a ranar da kuka je.

Idan za ka sake kai baƙi

Kafin ka kama tebur, buga waya ka tambaya ko su suke niƙa masararsu, kuma ko ana gasa tortiya ne lokacin da aka yi oda. Gidan da yake yi, da alfahari zai amsa maka. Duba ra'ayoyin watanni uku na ƙarshe kawai, domin yabon shekara biyu da suka wuce na wani kuku ne. Jerin abinci mai tsawo da ya haɗa girkin yankunan Oaxaca da Yucatán da Baja da kuma boga alama ce ta firji cike da kayan da aka dafa tun tuni. Idan kun zauna, fara da tortiya da miyar barkono da wake kafin ka yi odar manyan faranti. Naɗe tortiyar a hannu: idan ta lanƙwasu ba ta tsage ba, kana jin ƙamshin masara, ci gaba. Idan ta karye, mayar da ita cikin ladabi ka nemi sabuwa, haƙƙinka ne, kuma yadda suka karɓi maganar zai nuna maka sauran.

Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya. Kitsen alade, wanda suke kira manteca, yana shiga soyayyen wake, tamal (turararren ƙullun masara a ganye), tortiyar fulawa da mole a girkin gargajiya. Carnitas, al pastor, chorizo da chicharrón duk alade ne, kuma a mota kasko ɗaya ake gasa kowane nama. Ƙullun da ake tsoma kifin tako irin na Baja sau da yawa da giya ake kwaɓa shi, don haka nemi gasasshe. Ka ce "sin manteca, sin puerco", za a gane ka nan take. Abin sha kuwa ba za ku rasa ba: agua de jamaica zoɓo ne, tamarindo ruwan tsamiya ne, horchata kuma na shinkafa da kirfa.

Sannan duba takardar kuɗi kafin ka ƙara tukuici. Wasu gidajen sun riga sun ɗora kuɗin hidima a ciki, musamman ga tebur mai mutum shida ko fiye, kuma layin tukuicin yana nan a ƙasa babu kowa a kai, sai mutum ya biya sau biyu bai sani ba.